Mota ta ƙi tashi: Abin da ya kamata a auna kafin a sayi sabon famfon mai

Duk wanda ke zaune a Sabon Tasha yana aiki a tsallaken kogi ya san darajar minti goma na safiya. Idan ka hau titin Kachia da wuri, za ka wuce Command Junction ka haye gada kafin cunkoso ya kama. Idan kuwa ka makara, to rabin safiyarka a kan hanya za ta ƙare, ko Sakatariyar Tarayya da ke Kawo ka nufa, ko shagonka a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A irin wannan lokaci ne mota kan zaɓi ta ƙi tashi. Ka murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa, yara na jira da jakunkunan makaranta, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko a zo a tura.

Kafin rana ta yi tsaka an kai ta gareji, kuma sau da yawa kafin a gama buɗe bonet an yanke hukunci cewa famfon mai ne. A aika yaro Panteka ko Oriyapata ya sayo wani, a ɗaura, motar ta tashi, kowa ya watse. Bayan mako biyu sai ta sake ƙi. Gaskiya ne famfon mai yana mutuwa, kuma a 'yan shekarun nan yana mutuwa fiye da da, saboda dalilan da za mu zo kansu. Sai dai kuma babu wani ɓangare na mota da ake ɗora wa laifin da ba nasa ba kamarsa. Akwai abubuwa aƙalla shida da ke kwaikwayon alamun mutuwarsa, kuma mafi yawansu sun fi shi araha. Mai mota ba ya buƙatar zama bakanike kafin ya bambance su. Abin da yake buƙata shi ne ya lura da lokacin da motar ke ƙin tashi, ya saurari ƙarar da take yi, sannan ya nace a auna kafin a saya.

Daga kafireta zuwa injekta

Kaduna gari ne da ya tashi da kafireta. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, 504 ta zama motar ma'aikaci da ta ɗan kasuwa, kuma a kanta ne manyan kanikawan garin nan da dama suka koyi sana'a. Kafireta abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Mai yana taruwa a cikin wani ɗan kwano, iskar da inji ke zuƙa ta ja shi ta tafi da shi. Idan mota ta ƙi tashi, a taka totur sau biyu ko uku, a ja cok, in ta kama a zuba ɗan fetur a bakinta.

Motocin da suka cika titunanmu yau, su Golf da Sharon na haya, da 406, da Camry da Corolla da Accord na ma'aikata, duk injekta ne, kuma tsarinsu daban yake. Famfo mai aiki da lantarki yana zaune a cikin tanki, yana tura mai da ƙarfi ta cikin filta zuwa wani bututu da nozuloli ke jere a kansa, ɗaya ga kowace silinda. Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke buɗe kowace nozul na wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, ta fesa mai kamar hazo. Tana yanke yawan man ne daga rahoton da sensoshi ke kawo mata: yawan iskar da ta shiga, zafin injin, inda fistin yake a wannan lokaci. Abin da take nema a tafiya ta yau da kullum shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, bisa nauyi.

Ƙwaƙwalwar ba ta ganin man da ya fita daga nozul. Lissafi take yi bisa zaton cewa matsin da ke cikin bututun daidai yake. A nan ne gizo ke saƙa. Mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a ma'aunin psi. Kafireta na wadatuwa da matsin da bai kai 7 ba. Injekta kuwa tana son tsakanin 40 zuwa 60, wato fiye da iskar da ke cikin tayarka; Toyota da yawa, alal misali, an rubuta musu 44 zuwa 50. Saboda haka idan bakanike ya zare tiyo ya nuna maka mai yana zuba, bai nuna maka komai ba tukuna. Famfon da ya gaji zai iya cika kwalba da fetur amma ya kasa kai matsi 25, kuma da wannan mota za ta wahalar da kai ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Haka nan taka totur sau uku kafin a murɗa makulli ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya, domin a injekta totur iska kawai yake buɗe wa hanya.

A fara da kunne

Kalmar "ba ta tashi" tana ɗauke da cututtuka biyu da ba su haɗa hanya ba. Idan ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji "ƙas, ƙas", ko inji ya juya da ƙyar kamar mai ciwon baya, to maganar mai ba ta taso ba. Wannan aikin batir ne, ko kawunansa da suka yi farin gari ko suka saki, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota, ko kik ɗin kansa. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna kusan bolt 12.6 a na'urar awo, kuma lokacin da ake juya inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Wannan adadi na biyu ya fi muhimmanci a injekta fiye da a kafireta, domin batir zai iya samun ƙarfin juya inji amma wutar da ta rage ta kasa isar ƙwaƙwalwa da famfo. Fitilu na kamawa, rediyo na magana, amma mota ba ta tashi. Idan inji na aiki kuma, awon ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka alama ce altaneta ba ta caji.

Idan kuwa inji na juyawa garau amma ya ƙi kamawa, to ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ya ɓace: mai, wutar fulogi, iska, ko matsin silinda. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a lokaci guda. A bar kik ya huce, in ba haka ba za a ƙara wa ciwo ɗaya na biyu.

Lokacin da take ƙi shi ne babbar shaida

Likitan kirki yakan tambayi majiyyaci yaushe zazzaɓin ke zuwa. Haka ya kamata a yi wa mota, kuma mai ita ne kaɗai ke da amsar.

Akwai motar da sai ta kwana, ko ta yini a ajiye a bakin ofis, sannan take daɗewa tana juyawa kafin ta kama, amma da zarar ta tashi sai ta yi lafiya lau har yamma. Mafi yawan lokuta matsin mai ne ke zurarewa yayin da take tsaye. A bakin famfo akwai wani ɗan bawul da aikinsa shi ne hana mai komawa tanki bayan an kashe inji. Idan ya saki, bututun yakan wayi gari babu komai, sai famfo ya sake cika shi daga farko. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka taɓa kik ba, ka jira daƙiƙa uku, ka kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. Idan ta kama nan take, ka gano bakin zaren. Sai dai a lura: Toyota da yawa, musamman tsofaffi, ba sa kunna famfo sai inji ya fara juyawa. A irinsu wannan gwaji ba ya aiki, kuma rashin jin ƙugin famfo lokacin da aka buɗe makulli ba alamar mutuwarsa ba ce. Famfuna masu lafiya da yawa an cire su an jefar saboda rashin sanin wannan kaɗai.

Akwai kuma wadda da safe take tashi da murɗawa ɗaya, amma ka tsaya a kasuwar Sabo ka sayi kayan miya na minti ashirin, ka dawo ta ƙi. Idan ta kama daga baya sai ta yi ta jijjiga, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi, warin fetur ya cika wurin. Wannan mai ne ya yi yawa. Wata nozul ba ta rufewa sosai, tana ɗiga a cikin inji yayin da yake tsaye, har fulogi ya jiƙe. Kafin safiya man ya bushe, shi ya sa ba ta damunka da sassafe. A motocin da regiletan matsi ke kan inji da ɗan siririn tiyon iska a jikinsa, a zare tiyon a duba: idan akwai fetur a ciki, fatar regiletan ta yage, kuma ta nan inji ke shan man da ba a ba shi ba. A zaro sandar auna baƙin mai ma a shinshina. Idan yana warin fetur ko ya ƙaru da kansa, maganar ta wuce wahalar tashi, domin fetur yana tsinka baƙin mai, kuma injin da ke gudu da tsinkakken mai ba ya daɗewa. Idan mota ta shaƙe irin haka, a taka totur har ƙasa a riƙe shi yayin da ake juya inji. A motoci da yawa wannan yana gaya wa ƙwaƙwalwa ta tsayar da fesa mai har silinda ta bushe.

Ta uku ita ce mai ban tsoro. Kana cikin tafiya, inji ya yi zafi, sai ta mutu kamar an zare makulli. Ta ƙi tashi, ka zauna a gefen titi rabin sa'a, ta huce, ta tashi kamar babu abin da ya faru. Famfon da ya kusa mutuwa yana iya yin haka, amma yawanci yakan ba da sanarwa: kuka mai ƙarfi daga wajen tanki, sanyin jiki a hawa ko lokacin wuce wata motar. Mai yanke wuta farat ɗaya ba sallama shi ne sensan karanshaf. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji na juyawa. Idan ya yi shiru, ƙwaƙwalwa ba za ta ba fulogi wuta ba, ba za ta buɗe nozul ba, kuma za ta kashe famfo. Bakaniken da ya zo ya tarar babu mai a bututu zai ce famfo ne, alhali famfon umarni ne bai samu ba. Kafin a kawo sabo a ɗaura, injin ya riga ya huce, sensan ya farfaɗo, motar ta tashi, sabon famfo ya karɓi yabon da ba nasa ba. A wasu motoci allurar da ke nuna gudun inji takan ɗan motsa yayin da ake juya shi; idan ta kwanta ɗif, a tuhumi sensan.

Wadda ke ƙi da sanyin hunturu kawai, a watannin Disamba da Janairu, a fara da batir, sannan a duba sensan zafin ruwa. Shi ne ya gaji aikin cok. Inji mai sanyi yana buƙatar ƙarin mai, kuma idan sensan ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya cewa injin da zafinsa, ba za ta ƙara ba. Akwai kuma wata ƙaramar al'ada da ke jawo tata matsalar: jijjiga mota a gidan mai don a cika tanki har baki. Rarar man takan malala cikin gwangwanin gawayin da aka tanada don tara tururin fetur, kuma idan bawul ɗin da ke tsakaninsa da inji ya maƙale a buɗe, motar za ta riƙa ƙin tashi daidai lokacin da aka gama shan mai, masu layi a baya suna ta danna ham.

Agogon da ke raba gardama

Duk waɗannan zato ne har sai an auna. Na'urar da ake buƙata agogo ne mai tiyo, ɗan'uwan wanda mai faci ke amfani da shi, wanda ake haɗawa da bututun mai. Kuɗinsa bai kai na famfo mai kyau guda ɗaya ba, amma garejin da ke da shi ba su da yawa. Abu uku ake karantawa a jikinsa. Matsin da ake samu yayin juya inji da lokacin da yake silo, a gwada shi da abin da masu motar suka rubuta. Sannan a taka totur a ga ko allura za ta faɗi; idan ta faɗi, mai ba ya isowa da yawa, ko dai famfo ya gaji ko filta ta toshe. Na uku, a kashe inji a zuba wa allurar ido. A Toyota da yawa ƙa'ida ita ce matsin ya tsaya a kan 21 ko sama da haka na tsawon minti biyar. Idan ya zube cikin daƙiƙoƙi, akwai inda yake zurarewa, kuma ta hanyar toshe ɓangare ɗaya na layin za a gane ko ta wajen tanki ne ko ta wajen nozuloli.

Ko da agogon ya nuna ƙarancin matsi, saura tambaya ɗaya kafin a taɓa aljihu: shin wuta na isa ga famfon yadda ya kamata? Ni kaina na biya kuɗin wannan darasi. Wata shekara motata, wadda a lokacin ta haura shekara goma sha biyar, ta riƙa mutuwa a kan titin Kachia, kuma a wani gareji da ba sai na ambaci sunansa ba aka canza mini famfo har sau biyu cikin wata uku. A karo na uku wani dattijo mai gyaran wayarin ya ɗaga kujerar baya, ya zare soket ɗin da ke saman tanki, ya nuna mini. Ƙarfe ɗaya ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta narke. Ya auna, ya tarar wutar da ke isa famfo ba ta kai bolt 9 ba. Ya yanke soket ɗin ya sa wani, ya karɓi abin da bai kai kuɗin man mako guda ba. Famfuna biyun da aka cire, ina kyautata zaton lafiyarsu ƙalau, amma ban karɓe su ba a lokacin, don haka ba ni da yadda zan tabbatar.

Kafin soket akwai fis, akwai rile, akwai wayar da ke komawa jikin mota. Rile ɗin famfo sau da yawa iri ɗaya ne da na ham ko na fanka, ana iya musanya su a gwada cikin minti ɗaya. Wasu motocin, kamar Ford da wasu Peugeot, suna da wani maɓalli da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta yi karo, kuma rami mai zurfi ma yana iya tayar da shi. Danna shi kawai ake yi. Sannan akwai makulli mai ƙwayar tsaro a ciki. Idan ƙwayar ta lalace, ko an yanko sabon makulli a kasuwa ba a haɗa shi da ƙwaƙwalwa ba, inji zai juya ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu bayan daƙiƙa biyu, wata ƙaramar fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa a dashbod. A gwada makulli na biyu kafin a kira kowa.

Abin da ke kashe famfo da gaske

Mazauna Sabon Tasha maƙwabtan matatar mai ne. Tana nan gaba kaɗan a kan titin Kachia tun 1980, amma ta shafe shekaru ba ta tace fetur, don haka man da muke sha a tankoki yake zuwa daga Kudu, ya bi ta hannaye da dama kafin ya shiga motarmu. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Lita da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tun daga nan ma'aikaci ya daina cewa a cika. Ana shan na dubu biyar, ana shan na dubu uku, fitilar gejin mai ta zama abokiyar tafiya.

Babu mai ganin laifin wanda albashinsa bai kai ba. Sai dai famfo ba ya sanin halin da ake ciki. Injin lantarki ne da ke juyawa da gudu, kuma fetur ɗin da ke ratsa shi, da wanda yake nutse a ciki, shi ke sanyaya shi yana kuma hana shi gogewa. Idan mai ya yi ƙasa sosai, duk kwana da duk rami sai ya kaɗa zuwa gefe, famfo ya zuƙi iska. Sau ɗaya ba ya kashe shi. Watanni ne ke cinye shi a hankali. Lissafin kuma mai sauƙi ne: motar da ke yawo da kwatan tanki da wadda ke yawo da jar fitila mai ɗaya suke sha a kowace kilomita. Bambancin shi ne kuɗin da za a daure a zuba sau ɗaya don a ɗaga gejin, daga nan a ci gaba da shan na dubu biyar ɗin a kansa.

Sai ingancin man kansa. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta sanar cewa an gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida a cikin man da aka shigo da shi ƙasar nan, kuma shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam suka yi lodi. Janye man daga kasuwa ya haifar da layukan da suka ɗauki makonni. Metanol mai yawa yana cin roba da wasu ƙarafa, yana kuma jan ruwa. Wancan ya fito fili ne saboda girmansa. Wanda ba ya shiga labarai shi ne na kullum: jarkar 'yan bumburutu da ta sha ƙura da tsatsa, man da aka gauraya da kananzir, ruwan da ke tsiyaya cikin tankin ƙasa na gidan mai a tsakiyar damina. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Idan mota ta fara tari jim kaɗan bayan an sha mai a wani sabon wuri, a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili. A ɗiga kaɗan a kan farar takarda kuma: fetur zalla yakan bushe ya tafi, mai kananzir ko gas yakan bar maiƙo. Maganin wannan shi ne a sauke tanki a wanke. Sabon famfo a cikin tanki mai datti kwanansa ƙidayayyu ne.

A gindin kowane famfo akwai 'yar raga mai kama da safa, kuma abin takaici ne yadda ake ɗaura sabon famfo a mayar masa da tsohuwar raga. Babbar filta kuma, a tsofaffin motoci irin su Golf 3 da 406 a waje take, canza ta ba wuya. A motoci da yawa na bayan shekarar 2000 an mayar da ita cikin tanki tare da famfo, shi ya sa ake samun wadda ta yi shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa ganinta. Filta da ta toshe ba ta cika hana mota tashi ba. Takan bar ta ta tashi, sai an nemi ƙarfi ta kasa, tana kuma tilasta wa famfo aiki biyu har ya ƙone.

Iska, da na'urar da ake kira kwamfuta

Ɓangaren iska ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, tana kuma lulluɓe siririyar wayar sensan da ke auna iskar. A wanke shi da man fesawa da aka yi dominsa, kada a goge shi da tsumma ko a tsoma shi a fetur. Bakin totur da ya yi baƙin danƙo yakan sa mota ta tashi ta mutu sai an riƙe ta da ƙafa. Tsagaggen tiyo bayan sensan yana shigar da iskar da ba a ƙirga ba. Ita kuwa al'adar cire tamostat da ɗaure fanka kai tsaye, da sunan wai ƙasarmu da zafi, tana hana inji kai zafin da aka tsara masa, sai ƙwaƙwalwa ta daɗe tana zuba mai irin na sanyin safiya, fulogi su yi baƙi, tashi ya yi wuya, kuɗin mai ya ƙaru.

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Tana da amfani ƙwarai, matuƙar an san iyakarta. Lambar da take fitarwa ƙorafi ne, ba sunan kayan da za a saya ba. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a kan iska, kuma hakan na iya fitowa daga famfo, ko filta, ko nozul, ko tsagaggen tiyo, ko sensa mai ƙura. P0300 na nufin silindu na fashin kamawa, ba ta ce a canza dukan kwayil ba. P0335 kuwa tana nuna layin sensan karanshaf, wanda zai iya zama wayarsa ce ɓera ya ci. Mafi yawan tsofaffin motoci ba su da sensan matsin mai ko kaɗan, don haka famfo zai iya mutuwa murus na'urar ta ce komai lafiya. Abin da ya fi lambobin amfani shi ne rahoton da take nunawa kai tsaye. Da safe kafin a tayar da inji, zafin ruwan da ta nuna ya kamata ya zo kusa da zafin gari; idan ta nuna 80, ko ta nuna 40 ƙasa da sifiri, an kama mai laifi. A ce wa mai na'urar ya rubuta lambobin a takarda kafin ya goge su.

Abu biyu ne bai kamata mai mota ya yarda a yi masa ba ko da ya makara. Na farko, zuba fetur a bakin totur ana juya inji. Wuta na iya dawowa ta baya ta kama hannu da fuska. Na biyu, ɗaure famfo kai tsaye da makulli don a tsallake rile. An tsara ƙwaƙwalwa ta kashe famfo da zarar inji ya tsaya, domin idan aka yi hatsari tiyo ya fashe, kada ya ci gaba da feshin mai a kan salansa mai zafi. Wanda ya tsallake wannan ya cire kariyar. Kuma tun da layin yana riƙe matsi ko bayan an kashe inji, a zare fis ɗin famfo a bar mota ta mutu da kanta kafin a kwance kowane tiyo, a nesa da janareta da mai sigari. Sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda matsinsu yakan kai dubu biyu a wancan ma'auni. Waɗannan ba a kwance su a gindin bishiya.

Idan an auna, an tabbatar wuta na isa, matsi ya gaza, to famfo ne, a saya. A tafi da lambar jikin tsohon, domin famfuna biyu na iya kama da juna a ido amma ƙarfinsu ya bambanta. Na Beljiyam ko sabo, a haɗa da sabuwar raga, a leƙa cikin tanki da fitilar da ba ta tartsatsi tun yana buɗe, kuma a sake ɗaura agogon bayan an gama aiki a ga adadin da ya nuna. Tsohon famfon kuma a sa a leda a tafi da shi gida, a ajiye har motar ta yi wata guda tana tashi da safe.